Wanda Ya Gaskata Labarin Tasi'u

Alhaji Sharu ya fito alwalar asuba ya tarar da inda yake kafe mashin ɗinsa wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Sabon mashin ne, ko ledar kujera ba a cire masa ba. Ƙofar gida tana nan da sakatarta. Ta baya aka bi da shi, inda katanga ta zube tun damina aka tare wurin da zana.

A waɗannan shekarun, a ƙauyukan da ke tsakanin Anka da Bagega, satar mashin ta wuce sata. Ɓarayin daji a kan mashin suke shigowa, a kansa suke fita. Duk wanda ya ɗauke mashin, mutane cewa suke su zai kai wa, kuma shi ne idonsu a cikin gari. 'Yan sa-kai ba su kai irin wannan gaban alƙali. Bayan dutse suke zagayawa da shi, su dawo su kaɗai.

Kafin hantsi Lukman, shugaban 'yan sa-kai na Tungar Marke, ya zuba mutanensa a kowace hanya da bindigogi ƙirar gida. Ba shiga, ba fita. Kuma kafin hantsin gari ya gama sanin ɓarawo: Tasi'u mai labari.

Tasi'u ba noma, ba haƙar zinari, sai rubuta labaran sata da kisa. Da can yakan aika Kano a buga masa littafi, da kasuwar littafi ta mutu sai ya koma karantawa a waya. Ya rubuta da biro, ya je shagon Dodo mai cajin waya ya karanta a ɗauki muryarsa, Dodo ya tura wa mutane a memori. Masu haƙa suna saurare a bakin rami, mata suna saurare suna daka. Ana son labarinsa, shi ne ba a yarda da shi ba. Mutumin da zai tsaya gaban mahauci ya tambaye shi tsawon lokacin da jini yake ɗauka kafin ya bushe, ko ya tambayi mai kemis maganin da ba ya canja ɗanɗanon kunu, ai ba za a sake jiki da shi ba.

Da aka taru za a ja shi, mai gari ya riga su. Ya sa shi a ɗakin da ke cikin zaurensa ya datse da kwaɗo, ya ce ba wanda zai taɓa shi sai bayan la'asar. Sannan ya aika a kira Jibo.

Jibo ya tsufa a bin sawun shanun sata. An san shi har Gummi da Bukkuyum. Ba shi da yawan magana, kuma in an tambaye shi abu ba ya son yin bayani.

Ya iske Lukman tsaye a ƙofar zaure yana ta faɗa.

"Ranka shi daɗe, sawun mi za a bi? Labarin da yas saki wancan satin, kowa ya ji shi. Gidan mai sayen zinari, katangar baya ta zube, an tare da zana. Gidan wa na in ba na Alhaji ba? Ga Tasalla mai itace ta gan shi da rana tsaka bayan gidan shina leƙen katanga, shina tura mashin. Ya gwada, ya rubuta, ya aikata."

Mai gari ya dubi Jibo. "Ka jiya?"

"Na jiya."

"In la'asar ta yi ba ka zo da wani ba, ni ban iya riƙe su."

Lukman ya ce, "Ba cewa za ka yi ba shi na ba, Baba Jibo. Suna za ka ba mu. In babu suna, wanga muka ɗauka."

Ya haɗa Jibo da wani ƙato mai bindiga, wai rakiya.

A bayan gidan Sharu sawun taya ya fito sarai. An turo mashin ne, ba a tada shi ba. An share sawun ƙafa da reshe har gangaren rafi. Bazara ce, rafin ya ƙafe, sai farin rairayi mai zurfi. Tun da sassafe shanun Fulani sun sauko shan ruwa a rijiyoyin da ake tonawa a cikinsa, sun tattake komai.

Jibo ya tsaya a bakin gangaren. Ya san wannan dabarar, kuma ya san inda ya ji ta. Kwanakin baya Tasi'u ya zo zaurensa da takardu, kamar yadda ya saba, ya karanta masa yadda ɓarawon labarinsa zai tura mashin ta cikin busasshen rafi, da safe shanu su shafe masa sawu. Ya tambaye shi ko zai yiwu. Jibo ya ce masa, "Tahi ka gwada." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya bi gefen rafin a hankali, ƙaton yana binsa yana tsaki. Can gaba, ƙarƙashin gaɓa inda shanu ba su hawa, ya ga abin da kofato bai taɓa ba. Taya ta nutse har gindi ta yi kwari. Mashin ya faɗi ta gefe, kan hannunsa ya huda rairayi. An ɗaga, ya sake faɗuwa. An tona da hannu, an ja shi ta baya, an ja ta gaba. Wanda ya yi wannan ya sha wuya kamar zai mutu. Daga nan ya haƙura da rafin, ya jawo mashin ya haura tsallake, inda ƙasa tsakuwa ce zalla ba ta riƙe sawu.

Mutumin da ya gaji haka ba zai yi nisa ba. Jibo ya leƙa tsofaffin ramukan haƙa da ke wurin, a wani marar zurfi ya ga ganyen sabara bai gama yaushi ba. Ya ɗaga da sandarsa. Ga mashin kwance.

Labari ya riga su isa gari. Sharu ya yi ta hamdala. Lukman kuwa ko gezau.

"Mashin ya dawo, ɓarawo bai dawo ba. Ya aje musu na su zo su ɗauka. La'asar tana nan."

Mai gari ya buɗe wa Jibo kwaɗo. Ɗakin ba taga, zafi kamar tanda, ga warin tsohuwar gyaɗa. Tasi'u yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Shi maganarsa irin ta rediyo ce, saboda yawan karatu.

"Baba Jibo, wallahi ko kaza ban taɓa sata ba."

"Ban tambaye ka kaza ba. Ta rahi anka bi da shi. Kamar yadda kak karanta min."

Tasi'u ya ɗago kai da sauri. "Ta rafi?"

"Awo."

"Ta cikin rairayi? Ya wuce?"

"Bai wuce ba."

Sai Tasi'u ya yi wata dariya marar daɗi, har da tari. "Ai ba zai wuce ba! Ba kai ka ce in je in gwada ba? Na ari mashin ɗin Dodo na je. Ranar Tasalla ta gan ni. Baba, ko tsawon zauren nan ban tura shi ba ya nutse. Sai da na kwanta ciwon baya. Na dawo na yage shafin na sake rubutawa. A wanda na saki, amalanke ɓarawon ya samo, ya kwantar da mashin ya lulluɓe da kara, ya bi hanya kowa yana gaishe shi. Babu rafi a ciki ko kaɗan."

"Don mi kaka gwada komi? Labari na hwa. Wa zai kama ka?"

"Masu haƙa. Na taɓa sa wani ya sauka rami da fitilar kwai, har gida suka biyo ni suna dariya, wata guda ba wanda ya karɓi labarina. In ka yi ƙarya a abin da mutum ya sani, ya daina yarda da kai a wanda bai sani ba. Shi ya sa nake yawo kamar mahaukaci ina tambaya. Ga inda ya kawo ni."

Jibo ya dubi ƙofa. A waje ana jin muryoyi suna ƙaruwa.

"Wa yaj ji na rahin?"

"Kai. Sai matata Lubabatu, ita nake fara karanta wa komai. Sai Dodo, don sai da na gaya masa dalili kafin ya ba ni mashin." Ya kama gefen rigar Jibo. "Baba, kar ka bari su zagaya da ni. Na rubuta yadda suke yi, na tambayi wanda ya gani. Gara ban sani ba."

Jibo ya zare rigarsa ya fita.

Shagon Dodo ɗan akurki ne, wayoyi jere a kan katako, an jingina tsohuwar katifa a taga don kada ƙarar injin niƙan dutse ta shiga murya in ana ɗauka. Dodo da kansa ya ba mutane abin zargi. Baƙin fuska suna kawo masa caji, ba ya tambayar daga ina. Yana ganin Jibo da mai bindiga ya miƙe da sauri.

"Baba, ni caji nika yi."

"Kunna min na wancan satin. Wurin sata."

Dodo ya lalubo ya kunna. Muryar Tasi'u ta fito, ya ƙanƙance ta yana kwaikwayon ɓarawo, ga kukan zakara a bayansa. Amalanke, kara, shanu biyu. Babu rafi.

"Kai ka san na rahin."

"Na sani mana! Mashin ɗina yaƙ ƙare a ciki. Sai da bakanike ya kwance sarƙa ya wanke da fetur. Na ce mishi in ya sake rubuta labarin jirgin sama, ya je ya ari na wani." Ya ga Jibo bai yi dariya ba, ya haɗiye tasa. "Baba, in sata za ni yi, sai in bi inda na san mashin ba shi wucewa? Ni da na ga yadda yad dawo?"

"Ka hwaɗa ma wani?"

"In hwaɗi labari kahin a sake shi? Wa zai zo tura? Ko Innata ban gaya ma."

Jibo ya dubi hannuwansa da gwiwoyinsa. Ba ƙujewa, ba rairayi a farce. Ya fita.

Lubabatu ta yi masa magana ta bayan zana, muryarta ta dishe da kuka.

"Ni na gasa mishi baya, Baba, da ruwan zahi da tsumma. Na ce kai Malam, maza suna dawowa gida da hatsi, kai kana dawowa da rairayi cikin wando."

"Kin ba wani labarin?"

"Na ba matan gidan suna, don su yi dariya. Amma yadda yan nutse na hwaɗa musu, ba yadda aka sata ba. Duk wadda taj ji, ta san abin ba shi yiwuwa."

"To wa yaj ji dabarar bai ji ƙarshenta ba?"

Ta ce, "Ni da dare yak karanta min, da sahe yaz zo wurinka, daga wurinka yat tahi rahin. Tsakanin nan ba inda yaz zauna sai zaurenka."

Jibo ya tsaya riƙe da sandarsa. Rana ta take, ba iska ko kaɗan. Ya maido zauren nasa a ransa kamar yadda yake maido sawu. Shi a kan buzu. Tasi'u a bakin ƙofa da takardu. A kan dakalin ciki kuma, mutum kwance ya juya baya ya rufe fuska da hula, kamar mai barci. Tasi'u yana fita, shi ma ya tashi ya fita.

"Baba?" in ji Lubabatu. "Kana nan?"

Ya juya ya nufi gidansa.

Ya ce wa ƙaton ya jira a waje, gidan matan aure ne. Ya shiga.

Lado ɗansa ne, shi kaɗai ya rage masa namiji. Ya haura talatin. Shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, ta haɗa da nasa. Bayan nan ramin Sharu ya rufta ya karya masa ƙafa, ta ɗore a karkace, Sharu ya zo dubiya sau ɗaya bai sake waiwayarsa ba. Matarsa ta tafi gidansu ba ta dawo ba. Tun daga nan Lado yake kwance a gidan ubansa, yana cewa da zai sami mashin da ya tafi Gummi ya yi kabu-kabu inda ba a san shi ba.

Habsu, uwar Lado, tana zaune a gindin turmi ba ta daka komai. A kan igiya ga riga da wandon Lado suna ɗiga.

"Wa yaw wanke wanga?"

"Shi." Ba ta ɗago ba. "Tun da anka haihe shi bai taɓa wanki ba."

Bahon yana gefe, ba a zubar da ruwan ba. Jibo ya tsuguna ya karkata shi a hankali. Ƙasar Tungar Marke ja ce, gida da gona. A gindin bahon farin rairayi ne kwance, mai laushi, ya kai cikin tafi.

Habsu ta ce, "Na so in zubar. Hannuna ya ƙi."

Lado yana ɗaki kwance. Tafin hannuwansa duk sun saluɓe. Da ya ga idon ubansa bai tsaya musu ba.

"Baba, ba daji za ni kai shi ba. Wallahi Gummi za ni."

"Na sani."

"To an samu mashin. Ka ce shanu sun take sawu. Ai ba ƙarya kay yi ba, sun take."

"Sun take."

"To shi ke nan!"

"Ba shi ke nan ba. In na ce haka, Tasi'u za su zagaya da shi."

"Ka ce ba shi na ba."

"Suna suka so. In ba shi ba, Dodo. In ba Dodo ba, ni, tunda zaurena anka karanta."

Lado ya tashi zaune yana waige-waige kamar ɗakin yana da wata ƙofa. "In gudu."

"Ta ina? Da wace ƙahwa? Kowace hanya da bindiga. In sun gan ka cikin daji ba su tambaya."

Habsu ta zo bakin ƙofa ta tsaya. "Malam, shi ɗai gare mu."

"Na san lissahin ɗiyana, Habsu."

Ya zauna a bakin gadon. Ya daɗe a zaune, har aka kira azahar aka sallame bai motsa ba. Ya juya abin ta kowace fuska, kamar yadda yake zagaya fage in sawu ya ɓace masa. Ko'ina ya bi, wuri ɗaya yake fitowa. Da inuwa ta fara tsawo ya miƙe.

"Sa riga. Tare za mu, kuma kusa da ni za ka tsaya."

Bayan la'asar ƙofar mai gari ta cika. An fito da Tasi'u an zaunar a ƙasa, idonsa ba ya son haske. An kawo Dodo. Lubabatu tana can baya cikin mata. Sharu a kan kujera, mashin ɗinsa a gefe. Lukman da mutanensa sun yi zobe. Ba wanda ya kula da Lado a bayan ubansa.

Mai gari ya ce, "Jibo, muna saurare."

"Na san wanda yay yi. Amma ban hwaɗi sai an yi min abu guda. Liman shi kawo Alƙur'ani, Lukman shi dahwa, shi rantse ko wane na za a kai shi Anka wurin 'yan sanda da ransa, ba a taɓa shi ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Lukman ya yi dariya.

"Wayo za ka yi ka tsirar da mai labari."

"In ka ƙi, na koma gida. Ku kashe wanda kunka ga dama, ɓarawon shina nan cikinku shina kallo. Kuma in gaya maka, ba shi da kowa a daji. Mai abokai a daji da ya wuce gari sai shi tada mashin, kahin asuba ya kai musu. Wanga shi kaɗai yay yi ta hwama da rairayi har ƙarhinsa yaƙ ƙare."

Sharu ya ce, "A rantse mana. Ni so nike in san wa yac cuce ni."

Dattawa suka goya masa baya. Lukman ya duba hagu da dama, ya ga ba wanda ya tsaya masa. Ya yi alwala yana ƙunƙuni, ya dafa, ya rantse. Jibo ya sa ya maimaita "ko wane na" da ƙarfi, kowa ya ji.

Sannan ya yi bayani, abin da bai saba ba. Ya faɗi yadda aka bi ta rafi, da yadda mashin ya nutse. Ya sa Dodo ya kunna labarin, jama'a suka ji amalanke da kara, masu haƙa suna gyaɗa kai don sun riga sun sani.

"Na rahin shi na na hwarko. Tasi'u ya gwada, ya ga ba shi yiwuwa, ya yar. Ranar Tasalla tag gan shi. Mutum ba shi komawa cikin ramin da yas san zurhinsa da mashin ɗin sata. Dodo ya sani, mashin ɗinsa ya lalace. Matar Tasi'u ta sani. Wanda yay yi wanga ya ji dabarar, bai ji ta ƙi ba. Ya ɗauka abin da anka rubuta gaskiya na."

"Ina anka karanta?" in ji mai gari.

"Zaurena."

"Wa ad da wa?"

"Ni, da Tasi'u." Ya juya ya kama wuyan hannun Lado ya ɗaga shi sama, tafin a buɗe, kowa ya ga saluɓar. "Da ɗana."

Sai ihu ya tashi. Wani cikin 'yan sa-kai ya yi gaba, liman ya ɗaga Littafin da ke hannunsa, mutumin ya tsaya. Lukman ya dubi Jibo, fuskarsa ta yi baƙi.

"Ka ɗaure ni, tsoho."

"Kai kad dahwa."

Sharu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙafar Lado, ya rufe.

Mai gari ya ce a tafi yanzu, tun da sauran rana. Ya ba da mashin ɗin gidansa da ƙanensa ya tuƙa. Lukman ya ce mutanensa biyu za su bi su a baya, wai kada ɓarawo ya tsere. Jibo ya dubi waɗanda aka zaɓa, ya dubi bindigoginsu. Hanyar Anka doguwa ce, akwai inda ba gida ba gona, kuma ba su ne suka dafa Alƙur'ani ba.

Tasi'u ya taso yana tangaɗi ya tsuguna a gabansa.

"Baba, ban san abin da zan ce ba. Ni na jawo. Na daina rubutun nan, wallahi na daina."

"Kar ka rantse, ƙarya kake. Tun ɗazu nike kallonka. Ana shirin kashe ka, idonka shina bin bakin kowa kana ɗauka."

Tasi'u ya sunkuyar da kai, bai musa ba.

"In ka rubuta, ka bar uwarsa waje. Ba ta yi komi ba."

An ɗaure hannun Lado ta gaba, ya hau bayan direba. Wani ɗan sa-kai ya zo zai hau bayansa, Jibo ya tare shi da sanda.

"Wurina na."

"Baba, da tsuhwanka? Hanyar ba ta da kyau."

Jibo ya miƙa wa Tasi'u sandar, ya tattare riga, ya hau can ƙarshen kujera a kan ƙarfe. Ya matsa har ƙirjinsa ya haɗu da bayan ɗansa, ya buɗe kafaɗu ya rufe shi ruf, yadda duk abin da zai fito daga baya sai ya fara bi ta jikinsa. A bayansu mashin ɗin 'yan sa-kai ya tashi.

Ya taɓa kafaɗar direba.

"Mu tahi. Ka bi a hankali wurin gargada, ƙahwarsa ba ta so."